Taku Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ranar da madatsar Alau ta ɓalle, Talata 10 ga Satumba 2024, ba 'yan Adam kaɗai ruwa ya ci a Maiduguri ba. Kogin Ngadda ya bar hanyarsa ya shiga Fori da Gwange da Gamboru, ya kai har fadar Shehu, ya kwanta a Kasuwar Monday wadda ko gama warkewa daga gobarar Fabrairun 2023 ba ta yi ba, sannan ya afka gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Masu kula da gidan sun ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun halaka. Kadoji da macizai ruwa ya kwashe ya zubar cikin unguwanni, aka kuma ga Jimina tana ratsa titi cikin ruwa ita kaɗai, tana waige-waige. Wannan kowa ya ji. Saura abin da ya faru a bakin kogi bayan ruwa ya janye, shi zan ba ku.

Waɗanda suka tsira sun wayi gari ba keji, ba kuma mai turo musu abinci a baro. Sai suka haɗu da dabbobin cikin gari da na bayan gari, waɗanda su ma ruwan ya rushe wa ramuka da sheƙuna, suka kafa kasuwar dare a gindin wata tsohuwar darbejiya. Tana ci bayan mutane sun ja ƙofa, ta watse kafin kiran assalatu. Raƙumi suka naɗa Bulama, don kakanninsa ne suka yi ta jigilar kaya tsakanin Kukawa da Fezzan, ba gidan da ya kai nasu sanin fatauci. Ba shi da mugun nufi ga kowa. Aibinsa guda ne: kansa yana can sama, abin da ke faruwa a gindin ƙafarsa sai an ba shi labari.

A Yerwa kuwa in ka ce kasuwa, ka ce kifi. Duk wanda ya taɓa bin Baga Road ya san ƙamshin banda tun kafin ya hango kwalaye jibge-jibge, kayan tafkin Chadi da ake loda wa manyan motoci zuwa Kudu. Kasuwar dabbobi ma haka ta kasance, kuma manyan cinikin su uku ne. Kada ke kawo ɗanye ta ruwa. Kura ke da babbar rumfa daidai inda hanya ta shigo. Gizo ba ya su, ba ya banda, ko wuta bai iya hurawa ba, amma shi ke riƙe da littafin bashi, kowane kwali ya motsa sai ya ci la'adarsa.

Can ƙurya, kusa da juji, akwai Bushiya.

Ita 'yar Baga ce. Gudun hijirar Janairun 2015 ne ya kawo ta Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 200, ba ta fito da komai ba sai wata tsohuwar ragar waya ta banda da ta gada wajen uwarta. Mijinta ruwan Alau ya tafi da shi, ya bar mata 'ya'ya huɗu. Amma hannunta ya san kifi. Ta san tarwaɗa sai an lanƙwasa ta an soke da tsinke kafin ta hau raga, karfasa kuma tsaga ta ake yi. Ta san harshen wuta ƙona kifi yake, hayaƙi ne ke busar da shi, don haka kwana take tana juyi, tana yayyafa ruwa duk lokacin da wuta ta yi fushi. Ba ta sayar da kwali. Kashi-kashi take kasawa, daidai ƙarfin Kurege da Zomo da Hawainiya, in ka saya ta ɗora maka kai ɗaya gyara. Kafin wata ya zagayo, layin da ke gaban tirenta ya fi na gaban rumfar Kura tsawo.

Ana nan, cikin Oktoba, a kwanakin da hukumomin Borno suka sanar da ɓarkewar kwalara bayan ambaliya, kowa na tsoron abin da zai kai baki, sai ɗan Zomo ya ci kifi da dare, ya kwana yana murƙususu, kafin asuba ya cika. Ba wanda ya san daga wace rumfa kifin ya fito, don uwar wuri uku ta yi cefane a ranar. Kasuwa ta ruɗe.

Daren sadakar uku Gizo ya sauko ta zarensa ya sami Kura tana zaune ta yi tagumi.

"Uwar ɗakina," in ji shi, da tsamin bakin nan nasa, "mutuwar yaron nan ƙofa ce Allah ya buɗe mana."

"Ƙofar me? Ni cinikina ya riga yaron mutuwa."

"To saurara. Garin nan gari ne da ya saba da hani. A 2011 aka wayi gari an hana babur, na haya da na gida, kowa ya jingine nasa ya hau Keke NAPEP. An hana fitar dare. An katse layin waya a 2013. An tare hanyar kifin tafki shekara da shekaru. Wa ya ce uffan? Ba wanda ya ce, don rayuka ake tsarewa, kuma da idonsu sun ga gawarwakin. Yanzu kunnensu ya horu. In aka ce musu don lafiyarku ne, ba mai tambayar ta yaya."

Nan ne zuciyata ke ƙuna a labarin nan. Haƙurin da mutanen Borno suka yi da waɗancan dokoki haƙuri ne mai tsada, da cikinsu da sana'arsu suka biya shi, kuma suna da dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ban san muguntar da ta kai ta mai yawo da tsumma a aljihu don ya kore su daga bakin abincinsu ba.

Washegari su uku suka je wa Bulama da fuskar jimami. Suka ce jinin ɗan Zomo yana wuyan kasuwa, dole a tsabtace sana'a. Raƙumi ya ji magana mai ma'ana, ya ce su rubuto. Gizo ya zauna da ƙafa takwas ya tsara doka. Ba mai sayar da kifi sai da takardar izini, takardar kuma ƙungiyar masu kifi ke bayarwa, wato Kura da Kada da magatakardansu. Mai nema sai ya yi damina bakwai yana yaron rumfa a hannun ɗan ƙungiya, ya kawo sa hannun 'yan ƙungiya biyu, ya zube kwali goma kuɗin shiga. In ya samu, farashin da ƙungiya ta yanka shi zai bi, kuma kada ya kasa kaya sai ya auna taku arba'in daga rumfar wanda ya riga shi. Masu rumfar jinka tun kafin dokar, an yafe musu duka.

Bulama ya duba, ya sake dubawa, ya ce bai ga inda aka yi maganar duba kifin kansa ba. Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wanda ya yi damina bakwai ba sai an buɗe masa kwali ba." Raƙumi ya dangwala tafin ƙafarsa.

Dokar ba ta faɗi takun wa ba. Da aka zo awo sai aka ari na Bulama, taku arba'in na raƙumi kuwa daga rumfar Kura tsakiyar kogi yake sauka.

Dare na uku karnukan ƙungiya suka zo. Suka kife tiren Bushiya, suka ɗauki kwali uku da ta yi mako tana bandawa, suka haɗa da ragar uwarta. Ta dunƙule yadda bushiya ke yi, ƙaya a waje, kuka a ciki. A makon Agwagwa ta tattara kwanonta, Ƙwaɗo mai soya ƙananan kifi ya kashe wuta. Kashin da ake saye da ɗaya ya koma biyu da rabi. Matar Kurege ta koma miyar kuka zalla.

"Yaya, ki bar wa Allah," in ji Hawainiya mai goro. "Wa ya taɓa ja da Kura ya kwana da fatarsa?"

Bushiya ta ce ta bar wa Allah, amma ragar uwarta ce.

Akwai wani tsohon Ɓera da ya yi rayuwarsa a ɗakin ajiyar littattafan wani lauya. Akan ce malami ya sha karatu. Shi Ɓera ci ya yi, bango da ciki. Wurinsa ta nufa.

"Wushe, Baba."

"Wushe, 'yata. Na ji abin da ya same ki. Zauna in gaya miki gaskiya tun kafin ki sa ƙafa. Kundin tsarin mulkin 'yan Adam na 1999 sau biyu na cinye shi. Sashe na 16 ya fi zuma daɗi. Ya ɗora wa hukuma ta kare haƙƙin kowane ɗan ƙasa na yin harkar neman abincin da ba a keɓe wa gwamnati ba, ya kuma ce kada a bar dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru. Amma kafin ki kai gare shi akwai sashe na 6, wanda ya ɗaure hannun kotu a kan wannan babin gaba ɗaya. Wuƙa ce mai kyan kube, ba ta yanka. Mai kaifin ita ce sashe na 40, 'yancin shiga ƙungiya, don wanda ke da ikon shiga yana da ikon ƙin shiga."

"An taɓa yanka da ita?"

"An taɓa yin kusa da naki. A Aba akwai wani tela. 'Yan ƙungiyar sa'anni ta garinsu suka ce shi nasu ne ko ya so ko ya ƙi, ya biya kuɗin ƙungiya. Ya ce shi bai shiga ba, addininsa bai yarda ba. Suka shiga shagonsa suka ɗauke keken ɗinkinsa. Ya kai ƙara, aka yi ta hawa tun daga kotun majistare har Kotun Ƙoli, a 1991 ta ba shi gaskiya. Lauyoyi na kiran shari'ar Agbai da Okogbue. Keken ɗinki a can, ragar banda a nan."

"Shekara nawa ya yi yana jira, Baba?"

Ɓera ya shafa gashin bakinsa. "Fiye da goma."

Ta yi shiru, ta ƙirga 'ya'yanta huɗu a zuci, ta ƙirga abin da ya rage a tukunya. Sannan ta ce, "Rubuta."

Alƙalin dabbobi Kunkuru ne. Ba ya cin hanci, wannan kowa ya shaida, amma shari'arsa da tafiyarsa gudu ɗaya suke. A zaman farko Dila, lauyan ƙungiya, ya miƙe ya ce Bushiya ba ta da hurumin kai ƙara kan dokar masu kifi, tunda a idon doka ita ba mai kifi ba ce, ba ta da takarda. Ɓera ya ce ai takardar ce ake ƙara a kanta. Kunkuru ya ja kansa ciki ya yi tunani wata guda. Da ya fito ya ce Ɓera ne da gaskiya, sai Dila ya kwanta ciwon baya. Da ya warke, Kada ya yi tafiya. Hunturu ya zo ya wuce. Bushiya ta shiga tsintar itace tana sayar wa yaran Kura, su hura wutar da ba su iya ba.

Cikin bazara, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, kwalta na narkewa, ƙaramar 'yarta ta kwanta. A daren nan Gizo ya sauko daga rufin ramin, riƙe da takarda mai sunanta, ga tambarin Kura a ƙasa.

"Ƙanwata, meye na wahalar da kai? Ga takarda, ba kwali goma, ba damina bakwai. Ragarki na nan an ajiye miki. Rumfa kusa da ta Kada, har kujera a kwamiti. Ki je wa Kunkuru gobe ki ce kin janye, shi ke nan."

Ya bar mata takardar ta kwana da ita. Ba zan ɓoye muku ba, ta so ta karɓa, kuma da ta karɓa ban ga mai bakin zaginta ba. Wanda bai taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi da tukunya a kife ba, ya ja bakinsa. Da asuba Gizo ya dawo, ta tambaye shi abu ɗaya.

"Agwagwa fa? Da Ƙwaɗo? Da matan nan da suka zo daga Marte da Monguno, da ba su iya komai ba sai kifi?"

Gizo ya yi dariya. "In kowa ya shigo, wa zai ci riba? Bari ki shiga tukuna. Wata uku, ke da kanki za ki ce a ƙara tsawon katangar."

Ta soke takardar a ƙayar bayanta, ta taka har gaban Kunkuru, ta ce a sa a cikin shaida. 'Yar ta tashi bayan kwana tara, da jiƙon da Hawainiya ta kawo da ikon Allah.

Amma haƙurin wasu ya ƙare. Samarin Kurege suka fara taruwa bayan juji, ana raɗe-raɗin an sayi ashana, an san daren da iska za ta kaɗa ta wajen rumfar Kura. Ana cikin haka hadarin farko ya haɗo, Shamuwa ta iso daga tafiyarta ta shekara. Kwana ɗaya ta yi ta ji komai. Ita kaɗai ce a kasuwar ke iya magana da Bulama kunne da baki, don kan tozonsa ta sauka.

"Ranka ya daɗe, a hanyata nakan ratsa ta inda Kwara ke shiga teku, akwai wani wuri Akasa. A 1886 Ingila ta ba kamfanin Royal Niger takardar mulkin kogin. Kamfanin ɗan kasuwa ne, shi ne kuma mai ba da lasisi. Ya ɗora kuɗin lasisi da haraji da suka rufe wa mutanen Nembe kasuwannin manja da iyayensu ke ci tun da can. Suka yi ta kai kuka, ba wanda ya share musu hawaye. A Janairun 1895 Sarki Koko ya cika jiragen ruwa da mayaƙa ya afka wa hedkwatar kamfanin a Akasa. Sojan ruwan Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Da aka karɓe takardar a ƙarshen 1899, kamfanin aka biya fam 865,000. Ni dai na ga ashana a bayan jujinka, kuma ƙarar da za ta kashe wutar tana gaban Kunkuru wata bakwai."

Raƙumi ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a kasuwar ba. Daga nan ƙasa ya ga tire nawa ne a kife. Ya aika wa Kunkuru cewa ranar Laraba shi da kansa zai zo ya zauna, ba zai tashi ba sai an yanke.

Ranar Laraba gindin darbejiya ya cika. Dila ya fara, kuma in za a faɗi gaskiya ya yi magana mai nauyi. Ya nuna matar Zomo da ke zaune cikin mayafi. Ya ce yaro ya mutu, wannan ba ƙage ba ne. Ya ce ko 'yan Adam ba sa barin kowa ya farka ciki, ko ya haɗa magani, ko ya ja motar haya ba lasisi. Ya ce kasuwar da ba ta da doka daji ce, kuma su da suka fito daga daji sun fi kowa sanin wanda ake ci a can.

Ɓera ya miƙe a kan wani dutse don a gan shi.

"Allah ya gafarta Malam, na yarda da duk abin da ɗan'uwana ya faɗa. Likita a jarraba shi, direba a jarraba shi, don abin da ake jarrabawar shi ne abin da ke kisa. To a ɗauko dokar nan a bi ta. Kwali goma, ta ina ya taɓa cikin mai cin kifi? Sa hannun Kura, wace cuta yake kashewa? Taku arba'in, guba ce ba ta iya tafiyar taku arba'in da ɗaya?"

Aka yi 'yar dariya. Kunkuru ya buga ƙafa.

"Na san dokar 'yan Adam ba ta hau kanmu ba, amma hankali ɗaya ne. Su ma a Nijeriya sun yi dokar gasa da kare mai saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su yanka farashi ko su raba kasuwa tsakaninsu. A Amurka kuma, a jihar Luwiziyana, akwai wasu Kiristoci masu ibada a gidan ibadar Saint Joseph. Guguwar Katrina ta 2005 ta kakkarya dajin katakon da suke ci da shi, kamar yadda Alau ta yi mana. Suka koma ƙera akwatin gawa suna sayarwa. Hukumar da ke kula da sana'ar, wadda kusan duk kujerunta masu gidajen jana'iza ne ke kai, ta ce su daina, sai mai lasisin jana'iza. Alhali dokar jihar ba ta ma tilasta a binne gawa cikin akwati ba, balle ta faɗi irin akwatin. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce kare aljihun waɗanda suka riga shiga sana'a, shi kaɗai, ba dalilin yin doka ba ne. Ni ban zo a rushe doka ba, Malam. Na zo a buɗe kwali. Ina roƙon a kira Ƙuda."

Aka kira Ƙuda sau uku, shiru. Sai Shamuwa ta ɗaga baki ta nuna: tun daren jiya an saƙa yana daga reshe zuwa reshe, ta rufe duk hanyar shigowa ta sama. Gizo ya ce ado ne ya yi wa kotu. Kunkuru ya dube shi tsawon lokaci, ya ce Jimina ta sa fiffike ta share adon.

Tun daren Talata alƙali ya sa aka ba Bushiya aron ragarta ta kwana ɗaya, aka kuma ɗebo kifi daga kowace rumfa mai takarda, har da na cikin rumbun Kura. Hawainiya ta kasa su kashi shida a kan tabarma, ba wanda ya san na wane ne sai ita da alƙali. Ƙuda ta shigo da danginta. Suka yi ta shawagi, suka sauka a kan huɗu baƙi ƙirin. Biyu kuwa, waɗanda suka fi kowanne sheƙi da kyan gani, ko ɗaya bai raɓe su ba.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Ƙuda, muryarta na rawa don Gizo na kallonta, "mu ba mu yi karatu ba, kuma mun san ba a son mu. Amma inda aka yayyafa fiya-fiya ba ma sauka. 'Yan'uwana da suka sauka a kan irin wannan bara, ba su tashi ba."

Duk macen da ta san cefane ta san wannan: busasshen kifin da ƙuda ke gudu, kai ma ka guje shi. Hawainiya ta ɗaga ganyen da ke ƙarƙashin kashi biyun, ga tambarin Kura.

Kura ta fara rantsuwa, sai ta sarƙe, sai ta fashe da kuka. Ta ce kayanta yawa gare su, sukan daɗe a rumbu, ƙwaro na cinye mata su, shi ya sa take ɗan yayyafawa tun da can. Kuma tunda aka tsauwala farashi, masu saye suka ragu, kayan suka ƙara daɗewa, sai ta ƙara hannu. Wato wata bakwai da dokar tsabta ta yi tana aiki, kasuwar ba ta taɓa cin guba kamar a cikinsu ba.

Matar Zomo ta miƙe tsaye. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma koma ta zauna ba.

Kunkuru ya ja kansa ciki. Kowa ya ce shi ke nan, sai wata mai zuwa. Amma Raƙumi na durƙushe a gabansa, sai ga shi ya fito kafin alfijir. Ya ce maganar ɗan Zomo shari'a ce dabam, za a buɗe ta gobe, Kura kada ta bar gari. Ya ce ƙungiya halal ce ga mai so, su yi adashensu, su yi zumuncinsu, amma ba ta da ikon ba abokin gasarta izinin neman abinci. Ya soke damina bakwai, ya soke sa hannu, ya soke kwali goma da yankan farashi, ya soke taku arba'in. Abu ɗaya ya kafa a madadinsu: kowane kwali, na babba da na yaro, a buɗe shi a bakin kasuwa kowane dare a gaban Ƙuda da Hawainiya, ba a biyan ko ƙaya, wanda aka samu da magani a kayansa ya bar kasuwa. Ya ce a mayar wa Bushiya ragarta. Kwali ukun kuwa karnuka sun daɗe da cinyewa, da aka ce ƙungiya ta biya, Gizo ya buɗe littafi ya nuna asusu ba komai.

Ta karɓi ragar. Tsatsa ta ci gefe ɗaya, ta ɗaure da waya.

Kafin damina ta yi nisa, ƙuryar juji ta cika da hayaƙi. Agwagwa ta dawo, Ƙwaɗo ya dawo, kashi ya koma ɗaya, wani daren har ƙasa da haka. Bushiya ta biya bashin Hawainiya, ta yi wa rumfarta jinka.

Wani dare tana juya tarwaɗa sai ta ji motsi a gefenta. Wata 'yar Gafiya ce, baƙuwa daga Marte, goye da jariri, ta ajiye murfin tukunya ko taku biyu babu daga tiren Bushiya, ta kasa ƙananan karfasa. Bandar ba laifi. Matar Kurege, wadda shekara guda ba ta sayi kifin kowa ba sai na Bushiya, ta tsaya, ta tambayi kuɗi, ta ji ya fi sauƙi, ta saya a can.

Bushiya ta ji ƙayoyin bayanta suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, ba da izininta ba. Daga reshen darbejiya wani siririn zare ya sauko, ya tsaya daidai kunnenta.

"Ƙanwata," in ji muryar, a hankali, "ba arba'in ba. Ko goma ne. Ni zan rubuta."

Ta daɗe tana kallon wutarta. Sannan ta dubi baƙuwar, ta ga itacenta ɗanye ne, sai hurawa take yana ƙin kamawa, jaririn na tari. Ta sa guntun kasko ta ɗebi garwashi daga ƙarƙashin ragar uwarta, ta miƙa mata.

"Ungo, 'yar'uwa. Kada ki bar shi ya yi harshe, hayaƙin ake so. Kuma gobe ki zo da wuri, ana buɗe kwali a bakin kasuwa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.